Kayarwa ta Shida

Ni ne mai wankin rigunan kulob,
sha uku na fili, huɗu na benci.
Kowane daren Lahadi a Dewsbury
injina biyu na gurnani ƙarƙashin rumfar 'yan kallo.
Ba mai tambayata ra'ayi.
Amma taɓo yana da baki,
kuma ni yake fara gaya wa.

Wasa tara ke nan a jere ba mu ci ba.
Doreen mai shayi ta sauya tukunya,
ta ce mutum ɗari biyu ba sa shanye babba.
A bangon banɗaki wani ya rubuta:
Sugden ya tafi.
Wani ya ƙara a ƙasa: Da kuɗin wa?
Har yau ba a samu mai amsawa.

Illingworth, shugaban kwamiti,
mai kantin darduma a bayan kasuwa,
ya ce ya samo wani daga Ostareliya,
mai kwamfuta, mai ƙirga numfashin ɗan wasa.
Na ce a raina, kallon kitse ake wa rogo.
Tsoho Clive, da ya bar haƙora uku a wannan fili,
ya buga sanda a siminti:
masaƙa ta rufe, ramin kwal ya rufe,
yaran kirki duk Leeds ta kwashe,
koci ne zai haifo muku wasu?
Aka yi dariya, aka koma kurɓar giya,
ni ina gefe da lemona ina saurarawa.

Da zan so in tsaya nan.
Sugden ne ya kai Zubairu asibiti
ran da kafaɗarsa ta goce,
ya kwana kan kujerar roba.
Shi ya ba ni wannan aiki
lokacin da Turancina ke ɗingishi,
bai ko nemi takardar shaida ba.
Wanda ya ci ladan kuturu
ai ya san abin da ke biyowa.

Sai dai riga ba ta san kara ba.
Wanda ya yi karo, taɓo a ƙirji yake.
Wanda aka yi wa kaye, a gadon baya.
Lamba takwas, ƙaton nan Ashworth,
mako uku rigarsa na dawo min
fes, kamar ta ango,
ko sabulu ba ta nema.
Ta goma ma ta fara haske.
Mutum ba ya cewa na daina jin maganarka,
rigarsa ce ke faɗa,
ni kuma nake ninkewa.

Wannan wasa na ragbi
shekara guda na yi ban gane shi ba:
ƙwallo kamar gwanda,
kana son gaba, baya za ka miƙa.
In an ka da ku sau shida
sai ku ajiye ta ga abokan gaba,
ko ranku na so ko yana ƙunci.
Ba a roƙon alƙali ta bakwai,
ba a yi masa magiya da tsufa
ko da alherin da aka yi da daɗewa.

Jiya ya shigo ɗakin wanki,
ruwan sama na ɗiga daga hularsa.
Bai ce komai ba, ya kama haɗa safa.
Ya ɗauki lamba takwas, ya juya ta,
ya ɗaga ta wajen fitila,
ya daɗe.
Ya ce, Sallau, kai ma ka gani?
Na ce injin ne, yana wanki da kyau.
Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Alhamis kwamiti zai kaɗa ƙuri'a.
Ya ce kafin nan akwai atisaye,
in tanadi ƙwallaye da ruwan sha.
An ka da shi sau biyar, ya sani.
A nan ne ake buga ta sama,
can sama, cikin ruwa da hasken fitilu,
a runtse ido a bi ta da gudu,
ko akwai mai biyo ka,
ko babu kowa.